Zane Biyu a Wuyan Distiributa

Motar ta shigo gidan ne a watan Maris na shekarar 1978, ba a 1980 ba kamar yadda 'ya'yan gidan suke faɗa. Su da hoton da aka ɗauka a gabanta suke lissafi, alhali sai da ta shekara biyu a gidan aka ɗauki hoton. Silinda huɗu gare ta, da kafireta ɗaya, da distiributa irin ta da, mai kwantak a ciki, wato na'urar nan da ke rarraba wa filogi wuta ɗaya bayan ɗaya. An ƙera ta tun kafin zamanin da aka ɗora wa injuna kwamfuta.

Mai motar bakanike ne da ya yi ritaya. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane, Kunne kawai ake ce masa. Ya samu laƙabin ne saboda yakan tsaya a ƙofar gareji, mota tana tahowa daga nesa, ya faɗi silindar da ke ɗingishi tun direba bai taka birki ba. Bai taɓa sayen fitilar saita taimin ba, wato lokacin da wuta ke tashi a inji. Yakan ce wanda Allah ya ba kunne biyu, in ya sayi fitila ya yi almubazzaranci.

Yana da ƙane guda ɗaya da ya ba shekara tara, wanda ake kira Bahago domin da hagu yake riƙe sifana. Kunne ne ya ɗauko shi daga gaban mahaifinsu a 1969 ya koya masa sana'a, suka yi shekara arba'in da biyu suna aiki ƙarƙashin rufi ɗaya. A 2011 ya miƙa masa makullin garejin ya koma gida. Mota ɗaya ce ya bar wa kansa, kuma a tsawon shekarun nan babu hannun da ya taɓa shiga injinta sai nasa.

Sai yanar ido ta fara rufe masa idon dama. Bai gaya wa kowa ba, amma ginshiƙin ƙofar gidansa ya tona masa asiri. Wata Talata da hantsi yana shigowa, ya goga gefen motar da shi tun daga fitila har ƙofar baya. Autarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta zo da yamma ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don girman Allah ka ajiye tuƙin nan. Yau ginshiƙi ne, gobe ba mu san ko wane ne ba."

"Ginshiƙin ne ya matso," in ji shi. "Tun da aka gina shi nake zarginsa."

"Ba wasa nake yi ba, Baba."

"Ni ma haka. Auta, ranar da motar nan ta gaji, ni ma na gaji. Kafin nan ki bar tsohon doki da mai shi."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Kwana uku kafin wannan ya sake wa motar kwantak, ya saita taimin da kunne kamar yadda ya saba. Da ya kai ta gareji don a buga masa gefen da ya lotse, bai ko ambaci inji ba. Ta kwana biyu a can. Ranar da Bahago ya dawo da ita, tun daga kan kwana Kunne ya jiyo wata mota tana tafe tana tari, tana ja da ƙafa uku. Har ya fara tausaya wa mai ita, sai ya ga tasa ce.

"Me ka yi mata?"

Bahago ya fito yana goge hannu da tsumma, bai dube shi ba. "Ni? Yaya, ai haka ka kawo ta. Tun da ka shigo gareji na ji ta. Na zaci ka sani ne."

"Haka na kawo ta?"

"Ba ka ji ba?"

Wannan tambaya ta fi guduma nauyi. 

"Na ɗora mata ma'auni," Bahago ya ci gaba. "Silinda lamba uku babu iska ko kaɗan, bawul ya ƙone. Wutarta ta makara ƙwarai, ita ta dafa shi. Wa ya saita maka taimin?"

"Ka san wanda ya saita."

Bahago ya sunkuyar da kai. "To, Yaya, shekaru ne. Babu wanda suka bari. Kuma kayan irin wannan inji sun ƙare a kasuwa. Ka bari in nemo masu sayen ƙarfe, su ɗauke ta ka huta."

Da wani ne ya faɗi wannan magana, da Kunne ya buɗe bonet nan take ya ƙaryata shi. Amma Bahago ne, wanda shi ya koya wa riƙon sifana, wanda bai taɓa yi masa ƙarya a kan inji ba ko sau ɗaya. Ɗan'uwa rabin jiki ne, mutum kuwa ba ya tuhumar hannunsa. Sai ya gaskata.

Kwana goma sha tara motar tana ajiye a tsakar gida, an lulluɓe ta da tamfol. A kwanakin nan Kunne bai yi jimamin motar ba kamar yadda ya yi jimamin kunnensa. Ido dama ya san yana tafiya, ya kuma haƙura da shi. Amma in har ya tuƙa mota mai ƙafa uku daga gida zuwa gareji bai ji ba, to me ya rage masa? Ya daina zama a ƙofar gida, domin kowace mota ta wuce sai ya ji kamar tana yi masa ba'a. Maƙwabcinsa tela ya zo ya roƙe shi ya saurari injin wutarsa da ke shessheƙa, ya ce masa ya nemi bakanike. Tela ya ce, "Kai fa?" Ya ce, "Da ne." Wani lokaci yakan toshe kunne ɗaya ya kasa ɗaya ga agogon bango, ya ji shi sarai, sannan ya ce wa kansa ai kurma ma yana zaton yana ji.

An sa ranar Asabar masu ƙarfe su zo da ƙarfe goma sha ɗaya. Da sassafe ya yaye tamfol. Bai yi niyyar gyara ba. So yake ya ga kuskurensa ya taɓa shi da hannu kafin a ja shi a tafi da shi, domin a ra'ayinsa mai sana'a ba ya binne aikin da bai san abin da ya kashe shi ba.

Yana shimfiɗa kayan aiki a kan buhu sai ga Auta, ta zo karɓar takardun motar.

"Baba, me kuma za ka yi? Ai Baffa ya gama magana."

"Sallama zan yi da ita. Shiga ki tayar mini."

Ta shiga. Injin ya tashi da ƙyar, motar tana rawa kamar mai zazzaɓi. Kunne ya ɗauki filaya ya zare wayar filogi ta ɗaya, injin ya ƙara durƙushewa. Ya mayar. Ya zare ta biyu, haka. Da ya zare ta uku, babu abin da ya canza. Ta huɗu kuwa har injin ya nemi mutuwa.

"Lamba uku ce," ya ce. "Nan dai Baffanki bai yi kuskure ba. Kashe."

Ya kwance filogin lamba uku. A jiƙe yake da fetur. Idonsa bai iya ganin bakinsa sosai, don haka ya sa farcen babban yatsa yana neman 'yar tazarar da wuta ke tsallakawa. Bai same ta ba. Ƙarfen ya kwanta a kan ɗan'uwansa, bakin a rufe ruf. Ya juya filogin a hannu. Filogi in ya tsufa bakinsa buɗewa yake yi, ba rufewa ba. Sai dai in ya faɗi ƙasa, ko an ƙwanƙwasa shi.

Wataƙila faɗuwa ya yi, in ji zuciyarsa. Amma a hannun wa?

Ya cire wayar kwayil don kada injin ya tashi, ya danna babban yatsansa a ramin filogin. "Murɗa makulli."

"Baba, zai ji maka ciwo."

"Murɗa, Auta."

Injin ya juya. Iska ta bugo yatsan da ƙarfi ta ture shi, fuf, fuf, fuf. Ya sake dannawa da dukkan ƙarfinsa, ta sake ture shi. Silindar da bawul ɗinta ya ƙone ba ta ture yatsan jariri ma.

Ya zare yatsan. Ya buɗe bakin filogin da guntun zarton ƙarfe, wanda kaurinsa shi ne ma'auninsa tun yana saurayi, ya share shi, ya ɗaura, ya mayar da wayoyi. Da Auta ta sake tayarwa, ɗingishin ya tafi. Ƙafa huɗu suka taka. Sai dai injin yana nishi, ya ja totur ya ji ta amsa a kasalance, kamar wanda aka tasa daga barci, salansa kuma, wato bututun hayaƙi, tana huci fiye da kima.

Wutar ta makara da gaske. Wannan kuwa aikinsa ne. Filogi ko waye zai iya yar da shi, amma taimin shi ya saita.

"Kashe," ya ce a hankali.

Ya zura hannu ƙarƙashin distiributa yana laluben notin da ke riƙe ta. Notin tas yake, babu maiƙo, kamar an goge shi jiya. Yatsansa ya zarce zuwa wuyan distiributa, sai farcensa ya maƙale a wani abu. Ya koma a hankali. Zane ne, sabo, gefensa har yana kamun fata. Kusa da shi ga wani. Zane biyu ne a jere, sun karkata zuwa hagu. Ya gangara kan ƙarfen da ke riƙe wuyan, ya sami ragowar zanen biyu a can, amma ba su yi daidai da na sama ba. Tsakaninsu ya kai faɗin ɗan ƙaramin yatsa.

Kunne ya daɗe a sunkuye.

Dokar farko da ya koya wa Bahago a 1969, tun kafin ya bar shi ya kwance taya, ita ce: kada ka juya abin da ba ka yi wa shaida ba. Kafin a sassauta distiributa, a ja zane daga wuyanta zuwa maƙalinta, don a san inda take zaune. Shi kansa ɗigo ɗaya yake yi da tsinken ƙarfe a motocin mutane, tasa kuwa bai taɓa yi mata ba, tun da babu mai taɓa ta. Bahago ne mai zane biyu. Ya soma haka ne a 1972, bayan da ya rikita zanensa da wani tsohon karce a wata motar ɗaukar marasa lafiya, suka yini suna neman wuta. Tun daga ranar ya ƙara na biyu, kuma da yake da hagu yake ja, kullum zanensa a karkace yake. Ko a cikin motoci dubu Kunne zai gane wannan rubutu.

"Baba?" Muryar Auta ta fito siririya. "Lafiya?"

"Kawo mini tsumma, da takardar nan mai laushi da ke cikin akwatin kwantak."

Ya naɗe wuyan distiributa da tsumman, ya rufe zanen don kada hannunsa ya yi masa satar amsa. Ya cire filogin lamba ɗaya, ya toshe ramin da yatsa, yana juya injin da sifana har ya ji iska ta fara taruwa. Ya bi bakin fulin gaba, wato faifan da bel ke zagayawa, da farce, ya sami tsagin da masu ƙera ta suka yi, ya kawo shi daidai da tsinin da ke jikin inji. Sannan ya cire hular distiributa, ya saƙala takardar tsakanin bakin kwantak, ya sassauta notin. Da hannu ɗaya yana jan takardar a hankali, da ɗayan yana juya jikin distiributa kaɗan-kaɗan. Wannan hanya ba ta buƙatar ido. A daidai lokacin da kwantak ya fara buɗe baki, takardar ta zame. Nan wuta take tashi. Ya tsaya cak, ya ɗaure notin, ya mayar da komai.

"Tayar."

Bugu ɗaya ta ɗauka. Sautin ya cika tsakar gidan, sumul, kamar zaren da ake ja daga ƙwarya. Ya karkata kai ya saurara, ya nemi abin da zai ƙara ko ya rage, bai samu ba. Sai ya warware tsumman ya sa farce.

Zane biyun sama sun hau kan na ƙasa daidai wa daida, kamar ba a taɓa raba su ba.

Wato inda takarda ta kai shi yau, nan kunnensa ya ajiye ta makonni huɗu da suka wuce. Mutumin da ya ce masa ya kurmance, shi ne ya rubuta shaidar cewa bai kurmance ba.

Ya ɗago ya dubi Auta ta gilashin gaba. Bai ga fuskarta sosai ba, amma ya ji yadda take haɗiye kuka.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata Bahago ya turo ƙofa. Motar janwe da masu ƙarfe suna jira a waje. Da ya ji injin yana kaɗawa sai ya tsaya a bakin ginshiƙin kamar an dasa shi.

"Shigo mana, injiniya," in ji Kunne. "Zo ka ga abin al'ajabi. Bawul ya ƙone ya warke da kansa."

"Yaya..."

"Ba ni hannunka. Na hagun."

Ya kama yatsan ƙanensa ya ɗora a kan zanen. Bahago ya taɓa, ya janye da sauri kamar ya taɓa salansa mai zafi.

"Wallahi ban san na yi ba," ya ce. "Hannun ne ya yi da kansa."

"Na sani. Ni na koya masa. Hali zanen dutse, naka kuma zanen ƙarfe. Ka zo yi mini ƙarya, hannunka ya ƙi bin bakinka."

Auta ta fito daga motar ta zube a ƙasa. "Baba, ni ce. Ni na je na roƙi Baffa, sau uku yana ƙi. Kai ka ce ranar da motar ta gaji za ka ajiye. Ba mu da wata hanya."

"Ke likita kika zama ko jinya kike yi?"

"Jinya, Baba."

"In ƙafar mutum ta ruɓe, hannunsa ake yankewa?"

Kunne ya nuna idonsa na dama.

"Idona ne ya mutu. Na sani, tun kafin ku sani. Da kun ɓoye makulli, da na yi faɗa na kwana biyu na haƙura. Da kun sace batir, da na zage ku na manta. Amma kuka bar idon da ya lalace, kuka je kuka kashe mini kunne." Ya juya ga ƙanensa. "Ita yarinya ce, ba ta san abin da ta roƙa ba. Kai ka sani. A cikin duk ƙaryar da ke duniya, ka zaɓi wadda ka tabbata ba zan buɗe bonet in bincika ba. Ba ka ji ba? Haka ka ce mini. A tsakar gidana."

"Ita kaɗai ce za ta tsayar da kai, Yaya. Kai ma ka san halinka." Bahago bai ja da baya ba. "Ranar da ka kawo ta, saura ƙiris ka take mai faci a bakin gareji, ba ka ma san ya yi tsalle ba. In ka kashe ɗan mutane fa? In ce me? In ce na bar shi ne don kada ransa ya ɓaci?"

Kunne bai san da zancen mai faci ba. Ya ji maganar ta shige shi, ya kuma san gaskiya ce.

"Wannan ita ce maganar da ya kamata ka faɗa mini ranar," ya ce. "Da ita ka zo, da na ba ka makullin da hannuna. Kwana goma sha tara, Bahago. Kullum kana zuwa gaishe ni, kana ganin na daina zama a ƙofa. Ba ka ji ba?"

 A waje mai janwe ya danna oda.

Kunne ya zagaya ya zura hannu ta taga ya kashe injin. Ya zare makullin, ya ɗan riƙe shi, sannan ya miƙa wa Auta.

"Riƙe. Ba zan sake tuƙi ba. Ba don dabararku ba, don mai faci. Amma motar nan ba ta zuwa wurin masu ƙarfe, lafiyarta lau. Duk safiya za ki ba ni makulli in tayar da ita a nan inda take, in saurare ta, in mayar miki."

"To, Baba."

"Kai kuma je ka sallami baƙinka."

Bahago ya juya, ya yi taku biyu, ya dawo. Idonsa ya sauka a kan wayar filogi ta uku, wadda ta ɗan zame daga maƙalinta tana shafar jikin inji. Ba tare da tunani ba hannunsa na hagu ya miƙa zai gyara, kamar yadda ya yi shekara arba'in da biyu yana gyara abin da yayansa ya bari.

Kunne ya riga shi. Ya mayar da wayar da kansa, ya sauke bonet a hankali har ya ce ƙas.

"Ka zo gaisuwa duk ran da ka so, jini ɗaya muke," ya ce. "Amma ka tsaya daga nan."

Ya sunkuya yana tattara sifanunsa a kan buhu, yana gane kowace da taɓi. Bahago ya daɗe a tsaye da hannu a sake. Daga can gidan tela injin wuta ya tashi yana shessheƙa. Kunne ya ɗan dakata, ya karkata kai.

"Auta, leƙa ki ce wa tela ruwa ne a fetur ɗinsa. Ya tsiyaye kafireta."